Tantabarar da Ba a Miya da Ita

Kai Nasiru, rage dariyar nan, kuma ka zagayo ta hannun damana in kana so in ji abin da kake cewa. Na ga yadda kuka haɗa ido kai da abokanka da Alhaji mai kantin nan ya ce aikin ubanka na farko a ƙasar nan shi ne zama cikin rami yana sakin faranti. Wai c'est facile, abu mai sauƙi, ko? Ku da in metoro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya yi ɗan latti sai ku ce rana ta lalace. To ku zauna kan buhunan shinkafar nan, tunda ba ciniki ake ba, in gaya muku yadda ramin yake.

Nasaru suna da wani wasa da suke kira baltaraf. Mutum ya ci ya ƙoshi, ya ɗauki bindiga mai tsada, ya tsaya a fili, a cilla masa wani ɗan faranti kamar murfin kwanon sha, shi kuma ya harbe shi a sama. Farantin nan suke kira tantabarar laka. Ba gashi, ba nama, ba ƙashi. Ranar da na fara, da aka tashi sai na tambaya ina ake kai waɗanda aka harbo. Aka ce tsintsiya ga ta can. A Maraɗi in mutum ya wuni yana harbi ya koma gida hannu rabbana, matarsa sai ta nemi bayani, amma nan har kofi ake ba shi na azurfa.

A wani fili da ke bayan Paris na koya, farkon shekarun tamanin, lokacin ina kwana a fwayen La Courneuve, gidan kwanan baƙin lebura, gado bisa gado. Malamina wani tsoho ne ɗan Aljeriya, Baba Amar. Bai yi mini dogon karatu ba. Hannunsa na dama kawai ya ɗaga mini, na ga yatsun ba su cika ba, ya nuna mini injin, ya ce, "Ɗana, shi ya ci su. Yana nan da yunwarsa."

Ramin na siminti ne, a gaban maharba, rufinsa daidai da ƙasa, ba ka iya miƙewa tsaye a ciki. Injin kuwa hannu ne na ƙarfe da wani ƙaton resor, sifirin ɗin da ke fizgar sa. Ka jawo hannun da ƙarfin kafaɗarka har ya ce ƙwas, ka ɗora faranti, ka janye hannunka wajen ƙirjinka, ka jira. In maharbi ya yi kira, "Pul!", sai ka saki. Kafin farantin ya faɗo ka riga ka sake ja. Haka tun hantsi har rana ta yi ja, gubar harsashi tana zubo wa rufin kamar ana sheƙa gero.

Kuma ba kowane faranti ake ɗorawa ba. Baba Amar ya koya mini in ƙwanƙwasa shi da farce kusa da kunne: mai lafiya yana amsawa, mai tsaga shiru yake yi. In ka ɗora mai tsaga, tun a bakin rami zai watse, ɓaraguzan su dawo maka a fuska. Da sanyi kuwa duk kwalin sai ya zama kamar ƙwai. Sai dokar kai: ba ka leƙo waje sai ka ɗaga jar tuta a kan sanda, ka ji an ce an karya bindigogi, wato an buɗe su an cire harsashi. Na ce masa, to Baba, auduga fa, in toshe kunne? Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Su da ke sama suna toshewa. Kai in ka toshe, da me za ka ji kira? In ba ka ji kira ba, me kake yi a nan?" Kunnena na hagu, wanda ke fuskantar maharba, a ramin nan na baro shi.

Masu zuwa kuwa, Allah ya yi su iri-iri. Akwai likitan da ke kiran "Pul!" kamar gidansa ya kama wuta, ya saki harbi biyu, faranti ya sauka lafiyarsa lau cikin ciyawa, in je da yamma in tsinto shi mu sake amfani da shi. Akwai mahaucin da ke kira ƙasa-ƙasa kamar yana neman bashi, in ban ji ba ya ce barci nake. Abu ɗaya ya haɗa su: in sun samu, gwanintarsu ce, in sun kuskure, ɗan rami ne ya yi latti ko ya yi gaggawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu sun shekara suna zagina ba su taɓa ganin fuskata ba.

Cikin masu zuwan akwai Mushe Gaston, mai tumbi, mai saurin fushi da saurin hucewa. Gwaggonsa ta mutu ta bar masa gona a wani ƙauye bayan Lyon, wajen shanu da masara, ya ce zai buɗe nasa filin. Ya ce in bi shi, zai ba ni albashi da takardarsa, ga kuma ɗaki ciki da falo a jikin ma'ajiyar kaya, da murhu da famfo. Ban bari ya rufe baki ba.

Ku da aka haifa da takarda a hannu ba za ku gane ba. A lokacin, in kana son kawo iyalinka, sai ka nuna aiki tsayayye da kuma muhalli, a turo mutum ya zo ya auna ɗakin da idonsa. Gadon fwaye ba muhalli ba ne. Innarka tana Maraɗi, Nasiru, da yayarka da na baro tana rarrafe. Ɗakin nan na bayan ma'ajiya shi ne hanyarsu. Na shafe shi da farar ƙasa, na sayi labule, na kai takarduna, aka ce in jira mai awo.

Shekarar farko lafiya lau. Manoman ƙauyen duk maharba ne, kafin a buɗe farauta suna zuwa su wasa hannu. Sai wani mutumin Paris ya sayi tsohon gidan gona da ke ƙetaren rafi. Siriri, da tabarau, ni dai Mai Tabarau nake ce masa. An ce duk rayuwarsa a saman babban titi ya yi ta, motoci na wucewa ƙarƙashin tagarsa dare da rana, bai taɓa cewa uffan ba. Da ya yi ritaya ya zo neman shiru. Ya fara da zakaran maƙwabcinsa, ya koma kan ƙararrawar coci, sannan ya iso kanmu.

Da ya tona, ashe Mushe Gaston ba shi da izinin komai. Abin da yake da shi izinin baki ne, wanda magajin gari ya ba shi a kan teburin kafe, kofi a hannu. Ramin yana son takarda, rumfar maharba tana son takarda, harbin kansa yana son takarda. Patoro, wato maigidan nawa, ya fara zarya. Ofishin magajin gari ya tura shi Lyon, Lyon suka tura shi wani bene, benen ya dawo da shi ƙauye. Masu izinin gini suka ce sai ya kawo sakamakon awon ƙara. Masu awon ƙara suka ce ba sa auna filin da ba shi da izini, don a wajensu filin babu shi. Ya dawo ya zauna a bakin ramina ya ce, "Isufu, wai babu mu." Na ce, "Patoro, to wa ke cin yatsuna?"

Ƙauye ya rabu biyu. Maharba gefe, baƙin birni masu gidajen hutu gefe. Mai burodi da matarsa ma suka daina magana. Magajin gari maharbi ne amma yana son ƙuri'ar kowa, in ka je masa da magana sai ya yi ta gyaɗa kai har ka gaji ka tafi. Ni kuwa lissafina ɗaya ne: in aka rufe fili, ba aiki, ba ɗaki, ba innarka.

Wani ya ba patoro shawara ya tayar da tudun ƙasa tsakaninmu da rafin, ya tare ƙara. Ya sa kamyo, manyan motocin kaya, suka juye masa jar ƙasa daga inda ake gyaran hanya, tsibi-tsibi. Da mai tarakto ya faɗi kuɗin aikinsa, patoro ya zagi shi, ya zagi tarakton, ƙasa ta zauna nan ciyawa ta fara fitowa a kai. Kullum in na wuce ta sai in ce a raina, wannan a garinmu ai aikin wuni ɗaya ne.

Sai ran wata Litinin ya ce mini, "Lahadi mai zuwa fili a rufe. Kada wanda ya taɓa bindiga, ko jandarma ne. Ni zan tafi wajen ƙanwata." Bai ce don me ba, patoro ba ya yi wa ɗan rami bayani. Ni kuma ban tambaya ba, don na riga na ga abin nema ya samu. Na je kafe na buga tarho nan kantin, wajen wannan Alhajin da kuke gani, lokacin gemunsa baƙi wuluk.

"Alhaji, ina wuni, ina gajiya, ya iyali, duk lafiya, gayya nake kira."

"Gayya? Isufu, a Faransa?"

"A Faransa. Ran Lahadi. Akwai rago."

Alhaji, ƙarya nake? Ka ga yana dariya. Motarsa ta ɗaukar shinkafa ya cika da mutane tun daga unguwar Château Rouge ta Paris. 'Yan'uwanmu na Guillotière a Lyon suka zo da tasu. Zabarmawa, Bambarawan fwaye, har da wani ɗan Kano mai sayar da atamfa da bai taɓa riƙe felu, wato shebur, ba, ya zo da farar shadda. Hajiya Mariyama ta zo da mata da manyan tukwane, aka ɗora tuwon semul, garin alkama, da miyar kuka. Sannan ga Ɗan Ladi. Shara yake yi a metoro, amma makaɗi ne ɗan makaɗi, gangarsa ta shekara da shekaru ƙarƙashin gado don a fwaye ba a barin kiɗa. Ya ce gayya ba ganga ai aikin gwamnati ne.

Wallahi ban taɓa jin daɗin wuni a ƙasar nan kamar ranar ba. Aka ja layi, masu felu na cikawa, masu burweti, wato baro, na gudu, wasu a sama suna dabewa da ƙafa. Ɗan Ladi yana bin layi yana kiran kowa da sunan kakansa, mutumin da ya shekara goma ana ce masa "kai, zo nan" ya ji an ambaci gidansu, sai ka ga felu na tashi kamar ba ƙasa a ciki. Bambarawa suka kifa tano, wato durom, suka kama nasu kiɗan. Mata na guɗa daga wajen murhu. Kafin azahar tudu ya wuce tsayin mutum.

Tun da hantsi na hango wani abu a lambun Mai Tabarau, mai ƙafa uku kamar na ɗaukar hoto, da wani mutum mai karabat, ɗaurin wuyan nan na Nasaru, yana gyara shi. Ya gama, ya duba agogo, ya shiga motarsa ya nufi gidan abincin ƙauye. Ban kawo komai a raina ba. Abin da na kawo shi ne, ba a yanka rago maƙwabci ya ji ƙamshi kawai. Kuma na ce wa ya sani, rigimar da takarda ta kasa kashewa, wataƙila cinyar rago ta kashe ta. Na zuba tuwo a sabon kwano, na ɗora nama, na haye rafi.

Makaɗi kuwa in ya ga an nufi gidan babban mutum da akushi, ba a gayyatarsa. Ɗan Ladi ya biyo ni, Hajiya Mariyama ta biyo shi. Muka tsaya a bakin shinge, dab da abin nan mai ƙafa uku. Mai Tabarau ya fito fuskarsa ja wur, yana ɗaga hannuwa, yana nuna abin, yana nuna mu. Ni ga ganga a dama, ga mataccen kunne a hagu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ɗan Ladi ya ga hannuwa a sama ya ce rawa ce ta motsa, ya gyara tsayuwa ya kama masa kirari: "Mai Tabarau na Madam! Mai gida ƙetaren ruwa! Ka fi ƙarfin zakara, ka fi ƙarfin coci!" Hajiya ta rangaɗa guɗa. Bawan Allah ya rasa yadda zai yi, ya zaro takardar kuɗi ya cilla wa Ɗan Ladi don ya tafi. Jama'a, a ba makaɗi kuɗi don ya yi shiru? Ɗan Ladi ya manna ta a goshi ya ƙara wuta. Sai da aka kira sallar la'asar muka bar shingen nan.

Da patoro ya dawo ya ga tudu, sai da ya sumbace ni a kumatu biyu. Da ya je kafe ya dawo, na ɗauka zai faɗi. Nan ne ya yi mini bayanin da ya kamata ya yi tun ran Litinin. Ashe masu awo sun yarda za su zo, kuma sau biyu ake awon: Lahadi ɗaya ba harbi, a ji yadda ƙauye yake shi kaɗai, Lahadi ɗaya da harbi, sannan a duba tazarar da ke tsakani. In tazarar ta yi yawa, a rufe fili. Abin nan mai ƙafa uku shi ne ma'aunin, kuma shirun ƙauye ya zo ɗauka. Ya kira ni sunayen dabbobi da dama, wasu ma ban san su ba. Na shiga ɗakina na zauna ina kallon labulen da na saya.

Lahadi ta biyu aka yi harbi, aka auna. Sai aka kira taro a ofishin magajin gari, ƙauye duka ya zo, ni ina tsaye a baya wajen ƙofa. Mai karabat ya buɗe jakarsa ya ce bisa ga awonsa, ƙauyen nan ya fi ƙara ranar da ba a harbi. Harbi ma, a cewarsa, sauƙi ne ga kunnen mazauna.

Mai Tabarau ya yi tsalle. "Ba ka nan! Kana can kana cin abinci tun rana tsaka! Ganga suka kawo mini har bakin shinge!"

Mai karabat ya gyara karabat ɗinsa. Mutumin nan ya gwammace a binne shi da ya amsa a gaban jama'a cewa ya bar na'urar gwamnati ya tafi cin kaza. Ya ce, "Mushe, ƙa'ida ta ce a auna ranar da babu harbi. An yi harbi ranar?"

"Ba a yi ba, amma..."

"To awo ya inganta."

Maharba suka fashe da dariya, patoro ya waiwayo yana neman idona. Ni ma na ji sanyi a raina, har na so in ɗaga hannu in ce tunda na'urar tana kusa, a sauko da ita rami ko sau ɗaya a ji abin da ake ji a can. Ban ɗaga ba, kuma gara da ban ɗaga ba.

Don a nan ne matar mai burodi ta miƙe. Ba ta dube ni ba. Ta ce ita tambaya ɗaya gare ta: mutanen nan da suka zo ran Lahadi, za su riƙa dawowa ne? Kuma ta ji an ce wanda ke kwana a filin yana shirin kawo iyali.

Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da Mai Tabarau ya baro Paris yana nema. Sai mahaucin ƙauyen, wanda ya sayar mini da ragon da hannunsa, ya ce lallai wannan abin dubawa ne. Wata baƙuwar birni ta ce ita dama harbin bai dame ta sosai ba. Mutanen da suka shekara ba sa gaisawa suka fara gyaɗa wa juna kai. Magajin gari, da ya ga karon farko kowa ya fuskanci gabas ɗaya, bai ɓata lokaci ba. Ya ce za a ba da izini, da sharaɗi: ba harbi lokacin coci da lokacin abincin rana, a shuka ciyawa a kan tudu, kuma filin na wasa ne kawai, ba a taro a cikinsa sai na 'yan ƙungiya, ba a kuma kwana. Aka yi tafi. Na ga Mai Tabarau da mahauci suna musabaha.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ba zan ce Mushe Gaston mugu ne ba, har hawaye ya yi. Amma da izini a hannu banki ya buɗe masa ƙofa, ya sayo injuna masu lantarki, irin waɗanda ake cika wa faranti da safe su yi ta cillawa da kansu, ba yatsa, ba kunne, ba iyali. Mai awon ɗakin da na yi ta jira ya iso bayan na kwashe kayana, ya tarar da kwalayen faranti har rufi, labulena yana rataye a bayansu. Bindiga ta samu takardarta. Ni na koma gadona na La Courneuve, na koma layin ofishin takardu na Bobigny daga farko, na shiga ɗaukar kaya a kantin nan.

Tudun yana nan, Alhaji ya wuce ta wajen ya gani, ciyawa ta rufe shi, an ce yana tare ƙara sosai.

Ka taɓa tambayar innarka me ya sa yayarka ta girme ka da nisa haka, ta ce ka tambaye ni. To ga amsar. Sai ƙarshen shekarun tamanin na samu ɗakin da mai awo ya yarda da shi. Na je filin jirgi da sabuwar riga. Na hango su, yarinyar da na baro tana rarrafe ga ta da ɗankwali, tana riƙe da jakar innarta. Na tafi da sauri ina yi musu sannu da zuwa, ina tambayar hanya, ina tambayar mutanen gida. Ni ban san yadda muryata ta koma ba, mai mataccen kunne ba ya jin kansa. Yarinyar ta ja da baya ta ɓuya a bayan zanen uwarta. Innarka ta sunkuya, ni ma na sunkuya, na juya mata kunnen dama don in ji maganar farko da 'yata za ta yi mini.

Ta ce, "Inna, ki ce wa mutumin nan ya daina yi mana ihu."

Na daina. Har muka iso gida ban ƙara cewa komai ba.